Ko Wajibi Ne Mai Sayarwa Ya Faɗi Aibin Hajarsa?

A watan Agusta na shekarar 2022 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a birnin Kano, har ambaliya ta shiga kasuwar Kantin Kwari, ta kutsa shaguna da ɗakunan ajiya, ta jiƙa diloli na atamfa da shadda da leshi da yadi. Da ruwan ya janye, waɗanda abin ya shafa suka shiga kwashe kaya suna shanyawa. Wasu kayan sun lalace har ba su da sauran mamora, amma da yawa sun bushe. Wanda ya san atamfa kuwa ya san cewa idan ta bushe, aka goge ta, aka ninke ta yadda take, aka mayar da ita cikin ledarta, ba kowane ido zai gane ta sha ruwa ba. Aibin yana can cikin ninki: inda launi ya zuba a kan launi, inda fumfuna ta bar tabo, inda zaren ya yi rauni zai kece bayan wanki biyu ko uku. Mai kaya ya sani, mai saye bai sani ba. To, wajibi ne mai kayan ya faɗa, ko kuwa yana da izinin yin shiru ya bar mai saye da idonsa?

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. Gaskiya ne mafi yawan masu manyan shaguna a Kwari 'yan'uwanmu ne Musulmi, amma mutanenmu suna cikin kasuwar dumu-dumu. Akwai samarinmu da suke yaran shago, akwai masu dako, akwai teloli, akwai kuma iyayenmu mata da suke saro turmi goma ko ashirin su kawo Sabon Gari su sayar, sau da yawa bashi, a biya a ƙarshen wata. Ko ankon Zumuntar Mata da na bikin aure, wani daga cikinmu ne ake ba kuɗi ya shiga kasuwa ya sayo. Tambayar kuma ba ta tsaya a kan kayan da ruwa ya taɓa ba. Ta haɗa da atamfar da aka buga a ƙasar Sin aka manna mata tambari mai kama da na 'yar Holan, da turmin da ya kamata ya cika yadi shida amma ya gaza da taƙi guda, da shaddar da take ƙyalli a shago ta koɗe a wankin farko.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan al'amari ba. A Littafin Firistoci, sura 19, a cikin surar da aka umarce mu da ƙaunar maƙwabci, a nan ne aka hana zamba a awon tsawo da na nauyi da na mudu. Annabi Amos, a sura 8, ya yi tir da 'yan kasuwar da suke ƙagara ranar hutu ta wuce domin su koma su ƙanƙanta mudu, su ƙara farashi, su sayar har da ƙaiƙayi. Littafin Sirak kuwa, a ƙarshen sura 26 da farkon sura 27, ya yi maganar da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya tsorata da ita, domin ya nuna cewa da ƙyar mai fatauci yake kuɓuta daga laifi, ya kuma kwatanta zunubi da turken da ake cusawa a tsakanin duwatsu, ya matse tsakanin saye da sayarwa. Duk da haka Nassi bai ce kasuwanci haram ne ba. Mace ta farko da aka ambata ta karɓi bangaskiya ta bakin Manzo Bulus a Filibi, watau Lidiya mutuniyar Tayatira, mai sayar da tufafin shunayya ce. Da a Kano take, da a Kwari za a neme ta. Ba mu ji an ce ta rufe shagonta bayan baftisma ba. Abin da muka ji a Ayyukan Manzanni, sura 16, shi ne ta buɗe gidanta ga masu bishara.

Wanda ya fi tsefe wannan tambaya a cikin malaman Ikilisiya shi ne Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274. A cikin babban littafinsa na tauhidi ya ware tambaya guda, ta 77 a kashi na biyu na sashe na biyu, a kan zamba cikin saye da sayarwa. Amsarsa ta fi yadda mutane suke zato sauƙi ta wani gefen, ta kuma fi tsanani ta wani gefen, shi ya sa ya kamata mu bi ta a hankali.

Ya fara da cewa aibin haja iri uku ne. Akwai aibi a ainihin abin, kamar a sayar da wani ƙarfe da sunan zinariya. A wurinmu wannan shi ne a miƙa wa mutum kwaikwayo a ce masa 'yar Holan ce ta kamfanin Vlisco. Akwai aibi a yawa, watau tauye awo. Akwai kuma aibi a inganci, kamar a sayar da dabba marar lafiya a matsayin lafiyayya. Duk wanda ya aikata ɗaya daga cikin ukun nan da saninsa, ya yi zunubi, kuma wajibi ne ya mayar da abin da ya ci. Wanda ya sayar bai sani ba, bai yi zunubi ba, amma ranar da ya gane, wajibi ne ya biya mai saye hasararsa. Wannan ya shafi iyayenmu mata masu sari: idan an cuce ki a Kwari, kin sayar wa maƙwabciyarki da zuciya ɗaya, daga baya gaskiya ta fito, ba ki da laifi a gaban Allah, amma ba ki da ikon cewa ke ma cutarki aka yi, saboda haka ta haƙura. Ki gyara tsakaninki da ita, sa'an nan ki koma wa wanda ya sayar miki.

Game da yin shiru kuwa, sai ya raba aibi gida biyu. Idan aibin a fili yake, kamar doki mai ido ɗaya, kuma mai kaya ya riga ya rage kuɗin gwargwadon aibin, ba dole ba ne ya tsaya yana kushe hajarsa, domin mai saye zai iya fakewa da wannan ya nemi ragin da ya wuce ƙima. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Abin da ido yake iya gani, an bar wa ido. Haka kuma ba a ce ɗan kasuwa ya sa mai shela a ƙofar shago yana sanar da duniya aibin kayansa ba. Amma idan aibin a ɓoye yake, kuma zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, to wajibi ne a gaya wa mutumin da ya zo saye, shi kansa, kafin a sallama. Turmin da ya sha ruwa aka mayar cikin leda yana cikin wannan rukuni. Ledar ma kanta magana take yi, tana ce wa mai saye wannan sabo ne fil daga kamfani, alhali mai shago ya san ba haka ba ne. Mutum yana iya yin ƙarya da hannunsa bakinsa a rufe.

Na sani wani zai ce, "Fada, ai kasuwa ce. Kowa ya shiga Kwari ya san ciniki zai yi. Ni na faɗi nawa, shi ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Ina zamba a nan?" Babu zamba a cikin ciniki. Idan mai kaya ya fara da farashi mai tsada, dukansu biyu sun san ba nan za a tsaya ba, saboda haka ba a ruɗi kowa ba. Waliyyi Toma da kansa ya yarda cewa farashin adalci ba ɗigo guda ba ne da ba ya motsi, yana da ɗan fili na sama da ƙasa. Har ma ya kawo tsohon misalin nan na falken da ya kai hatsi garin da ake yunwa, ya kuwa san wasu fatake suna biye da shi da kaya masu yawa, farashi zai faɗi. Ya ce adalci bai tilasta wa wannan falke ya ba da labarin masu zuwa ba, ko da yake idan ya faɗa, ko ya rage kuɗin, ya nuna nagarta mafi girma. Dalili shi ne hatsin nasa lafiyayye ne, a ranar kuma kuɗinsa ke nan. Ashe akwai bambanci tsakanin sanin kasuwa da sanin aibi. Wanda ya hango cewa dala za ta sauka, ya yi sauri ya sayar da kayansa a farashin yau, bai cuci kowa ba. Wanda ya san atamfarsa tana zuba ya ce ba ta zuba, ya yi sata, ko da an yi cinikin cikin raha da dariya.

Inda ciniki yake lalacewa shi ne wurin rantsuwa. "Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba." Sau nawa ake faɗin wannan a yini guda tsakanin titin Unity da kasuwar Sabon Gari? Kirista da ya saba da wannan ya haɗa laifi biyu, na ƙarya da na kiran sunan Allah a banza, ya taka doka ta takwas da ta biyu a kan ribar da ba ta kai kuɗin motar komawa gida ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne yadda harshe yake sabawa, har mutum ya daina jin nauyin abin, ya zo sakramentin tuba ya lissafa fushi da rashin zuwa Misa, bai ko tuna da rantsuwa ɗari da ya yi a makon ba.

Kada kuma masu saye su karanta wannan suna gyaɗa kai kamar ba da su ake ba. Littafin Karin Magana, sura 20, ya san mai sayen da yake kushe kaya a gaban mai shi, ya juya baya yana fahariyar ya yi arha. Waliyyi Agustin ya ba da labarin wani mutum da aka yi masa tayin littafi a kan kuɗi kaɗan saboda mai sayarwa bai san darajarsa ba, shi kuwa ya biya cikakken kuɗin. Idan yaron shago ya yi kuskuren lissafi ya ba ki canjin da ya fi naki, ko ya sa miki turmi shida a maimakon biyar, wannan ba sa'a ba ce daga Allah. Da yamma a cikin ɗan abin da ake ba shi za a cire. Wanda kuma ƙungiya ta aika sayen anko, ya sayo mai araha ya kawo lissafin mai tsada, ya ci amanar jama'ar Allah, ko da ya kira abin la'ada.

Yanzu bari mu zo ga wurin da abin yake da wuya ƙwarai, domin sanin doka ba shi ne wahalar ba. Masana'antun saƙa na Kano da Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje sun durƙushe. Babban kamfanin UNTL na Kaduna ya rufe a shekarar 2007. Kaya daga waje suka cika kasuwa, na gaske da na jabu a haɗe. A shekarar 2023 aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira, farashin komai ya tashi, jarin da yake sayen dila ya koma ba ya sayen rabinta. A irin wannan hali mai gaskiya yana kallon maƙwabcinsa yana sayar da kwaikwayo da sunan asali, yana cika aljihu, shi kuwa ya ce wa mai saye, "Hajiya, wannan ba 'yar Holan ba ce, kama ce kawai," ta ajiye ta wuce shago na gaba, inda za a rantse mata. Ya koma gida da yamma, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin haya.

Ba zan ruɗe ku da cewa gaskiya kullum tana kawo riba ba. Sau da yawa tana kawowa, domin Kwari kanta a kan amana take tsaye: ana ba ɗan kasuwar Maraɗi ko na Chadi ko na Kamaru kaya na kuɗi masu yawa ba tare da wata doguwar takarda ba, saboda an san shi, wanda kuma aka san shi da cika alkawari yana da jarin da ɓarawo ba ya ɗauka. Amma ba kullum ba. Akwai masu wa'azi a wannan gari da suke koyar da cewa duk mai bangaskiya sai ya yi arziki, wanda kuma ya talauce akwai abin da ya ɓoye. Wannan ba koyarwar Ikilisiya ba ce. A ranar 26 ga Maris 2016, wadda ta kasance Asabar Mai Tsarki, gobara ta cinye shaguna dubbai a kasuwar Sabon Gari. Wutar ba ta tsaya tana tambayar wane ne yake cika awo, wane ne yake tauyewa ba. Waɗanda suka zo Misar Ista washegari ba su da ko tsinke, a cikinsu akwai mutanen da ba su taɓa cin kwabon kowa ba. Marubucin Zabura ta 73 ya san wannan ciwo. Ya furta cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame sa'ad da ya ga mugaye suna ƙiba, shi kuwa yana shan wuya kowace safiya. Bai sami amsa a kasuwa ba, sai da ya shiga Haikali, amsar da ya samu kuma ba alkawarin dukiya ba ce, kusantar Allah ce.

A nan ne maganar naciya take shigowa. Mu Kiristocin Kano mun san jarrabawa mai zuwa da ƙara. Mun tuna ranar Lahadi 27 ga Yuli 2014, da aka jefa bam a harabar majami'ar St. Charles a Sabon Gari bayan Misa, aka kashe mutane. Mun tuna kuma ranar 10 ga Disamba na wannan shekara, da bam ya tashi a Kantin Kwari kanta. A irin waɗannan ranaku mutane sukan tsaya da ƙarfin da su kansu ba su san suna da shi ba. Amma malaman Ikilisiya sun bambanta tsayawa a gaban babban cikas da naciya. Wahalar naciya, in ji Waliyyi Toma, daga tsawon lokacin kansa take fitowa. Faɗin gaskiya a kan turmi ɗaya ba wani abu ba ne. Faɗinta a kan kowane turmi, kowace rana, shekara ashirin, ba mai yabo, ba mai gani, ga hasara ƙanana suna taruwa, wannan shi ne yake gajiyar da mutum. Ba na jin akwai wanda ya taɓa tashi da safe ya ƙudura zai zama maha'inci. Yakan ce yau kaɗai, saboda kuɗin asibiti. Gobe ya ce har kasuwa ta gyaru. Shi ya sa Waliyyi Agustin ya koyar da cewa naciya har ƙarshe baiwa ce ta Allah da ake roƙo, kuma abin da muke roƙo ke nan kullum a cikin addu'ar Ubangiji sa'ad da muke neman kada a kai mu ga jarraba.

Ikilisiya tana da waliyyi ɗan kasuwar tufafi, ko da yake kaɗan ne a cikinmu suka san shi. Sunansa Homobonus, mutumin Kiremona a ƙasar Italiya. Magidanci ne mai aure, ya gāji sana'ar daga mahaifinsa, an san shi da gaskiya a ciniki da yawan kyauta ga matalauta. Ya rasu a cikin majami'a ana tsakiyar Misa ranar 13 ga Nuwamba 1197, Paparoma Innosent na Uku kuma ya sanya shi cikin waliyyai a 1199. Bai shiga gidan sufaye ba, ba a kashe shi saboda bangaskiya ba, a bakin shago ya tsarkaka. Teloli da masu sayar da yadi na ikilisiyoyinmu za su iya ɗaukar 13 ga Nuwamba ta zama ranarsu, su nemi a yi musu Misa.

Ya kamata mu lura kuma cewa a kan wannan batu ba mu da jayayya da maƙwabtanmu Musulmi. A cikin hadisansu akwai labarin yadda Annabinsu ya cusa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Yaron shago Kirista da maigidansa Musulmi suna da ƙasa guda da za su tsaya a kai, idan dukansu suna tsoron Allah.

Yaron shagon nan shi ne wanda na fi tausaya wa, domin kayan ba nasa ba ne, ribar ba tasa ba ce, amma bakinsa ake so a yi ƙaryar da shi. Maigida, Kirista ne ko Musulmi, ya ce, "In an tambaye ka, ka ce asali ce." Idan ya ƙi, ana iya korarsa, shekarun da ya yi yana bauta da begen a sallame shi da jari su tafi a banza. Me zai yi? Ɗaukar dila, da share shago, da ninke kaya, da karɓar kuɗi, ba su sa shi cikin laifin maigidansa, muddin zuciyarsa ba ta yarda da zambar ba. Amma ba shi da izinin furta ƙaryar da bakinsa, balle ya rantse a kanta, ko ya manna tambarin jabu da hannunsa. "Sa ni aka yi" ba ta wanke shi, kamar yadda "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo. Yana iya samun maigidan a keɓe, cikin ladabi, ya ce, "Maigida, duk aikin da ka sa ni zan yi, amma ka yafe mini wannan." Masu gida da yawa, in sun ji haka, sukan ƙara amincewa da yaron, domin wanda ya ƙi cutar baƙo saboda Allah ba zai taɓa aljihun shago ba. Wasu kuwa za su kore shi. Idan haka ta faru, nauyin ya dawo kanmu. Ba daidai ba ne mu tsaya a kan bagadi mu ce wa saurayi ya riƙe gaskiya, sa'an nan ranar da gaskiyar ta raba shi da abincinsa mu ce Allah ya kyauta. A kowace ikilisiya akwai masu shaguna, akwai Zumuntar Maza, akwai ƙungiyar St. Vincent de Paul, a cikinsu ya kamata a sami wanda zai ce, "Turo mini shi."

Saura maganar mayarwa, wadda mutane ba sa son ji. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya lissafa zamba a kasuwanci cikin abubuwan da doka ta bakwai ta hana, ya kuma ce gyaran zalunci yana bukatar a mayar wa mai abu abinsa. Gafarar da firist yake furtawa tana shafe zunubi, amma ba ta mai da kuɗin wani su zama naka. Zakka na Yariko, a Luka sura 19, da kansa ya yi alkawarin ninka wa waɗanda ya zalunta har sau huɗu. Ikilisiya ba ta neman ninki huɗu a gare ka, abin da ka ci kawai take cewa ka mayar. Ba dole ba ne ka tona wa kanka asiri. Idan mai sayen abokin cinikinka ne na kullum, kana iya rage masa a ciniki na gaba daidai abin da ka ƙwara masa, ko ka tura masa ta waya, tun da yanzu yawancin masu sari suna barin lambarsu. Idan ba ka da halin biya gaba ɗaya, ka biya kaɗan kaɗan, da niyyar kammalawa. Idan kuwa baƙo ne da ya wuce, ka yi iyakar ƙoƙari ba ka same shi ba, sai ka ƙiyasta kuɗin tsakaninka da Allah, ka ba matalauta a madadinsa, ba da sunanka ba, ba kuma a ranar bikin godiya inda za a kira ka a tafa maka ba.